Da tsohuwar zuma ake magani: Yadda kiɗan bikin da aka naɗa a Nijar ya zama faifan da duniya ke saye

A shekarar 2022, kamfanin Matador da ke birnin New York a Amurka ya fitar da wasu faya-fayai guda biyu na ƙungiyar makaɗan jita ta Mdou Moctar, waɗanda aka sanya wa suna Niger EP, kashi na ɗaya da na biyu.

Ba a wani katafaren situdiyo aka naɗi sautin ba. An tsinto shi ne daga cikin tarin rikodin ɗin da ƙungiyar ta yi a Jamhuriyar Nijar tsakanin 2017 da 2020: a wuraren bikin aure, a wajen shan iska a bayan gari, a lokacin gwaji, da kuma a cikin gidajen mutane inda kiɗa kan ɓarke ba tare da an shirya ba.

Wato irin sautin da kowa ke da shi a wayarsa, wanda akan goge idan memori ya cika, shi ne wani babban kamfani ya buga a faifan garmaho, ya sanya masa farashi, mutane a Turai da Amurka suka saya.

Ga mai karatu a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, labarin bai yi nisa da gida ba kamar yadda za a zata. A Sakkwato wannan tafiya ta faro. Kuma tambayar da take tayarwa tamu ce: ina sautin makaɗanmu na fili yake, a hannun wa yake, kuma shekara nawa suka rage masa kafin ya ɓace?

Bahagon da ya fara da wayar birkin keke

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Ba'abzine ne daga jihar Tawa, ya taso a yankin Abalak da Cintabaraden, a gidan da ba a maraba da kiɗa. Da ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Abzinawan Nijar, sai abin ya shiga ransa. Ba shi da kuɗin sayen jita, don haka ya sassaƙa tasa da katako, ya ɗaura mata wayar birkin keke a madadin tsirkiya. Bahago ne, kuma har yau da hagu yake kaɗawa.

A shekarar 2008 ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato, ya shiga situdiyo ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Duk wanda ya san waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci zai gane hannun da ya taɓa aikin: ga na'urar nan mai lanƙwasa murya, ga kiɗan kwamfuta a madadin ganga. Aka haɗa wannan da jitar Abzinawa da harshen Tamashek, sai aka samu wani abu da ba a saba ji ba a ɓangarorin biyu na iyaka.

Kundin bai fita kasuwa ta hannun wani kamfani ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya, ta Bluetooth da katin memori, a cikin motocin haya da tashoshi da majalisun shayi, har ya kai arewacin Mali.

A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da ɗaya daga cikin waƙoƙin sa'ilin da yake musayar waƙoƙi da matasa a garin Kidal. A 2011 ya fitar da wani kundi na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, da waƙar Mdou mai suna Tahoultine a ciki. Sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai waƙar, domin fayil ɗin da ke yawo a waya ba ya ɗauke da adireshin kowa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a Cintabaraden. A 2019 aka fitar da Ilana, a 2021 kuma Afrique Victime, wanda ya sanya sunansa a manyan jaridun duniya. A wannan lokaci ƙungiyar ta zauna a kan mutum huɗu: Mdou a kan jitar gaba, Ahmoudou Madassane a kan jitar rakiya, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, a kan jita mai kaurin murya. Coltun ɗin ne kuma ke kula da naɗar sauti, shi ne ya tace tarin da ya zama Niger EP.

Abin da fili ke da shi wanda situdiyo ba ta da shi

Turawa na sanya kiɗan Mdou Moctar a sahun kiɗan rok mai fita daga layi, wanda makaɗi ke ƙure muryar jita har ta yi kuka, ya ja waƙa ɗaya ta yi minti goma ko fiye, yana ƙirƙira nan take. Suna kwatanta shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Amma wanda ya saurari Niger EP zai fahimci cewa makarantar da ta koyar da shi wannan salo ita ce filin biki.

Bikin aure a Agadas a waje ake yin sa. Ana shimfiɗa tabarmi, a tayar da janareta, a jona lasifika. Jama'a su yi da'ira, masu rawa su riƙa shiga bibbiyu ko ƙungiya-ƙungiya, ana liƙi, ƙura na tashi. Makaɗi ba shi da ikon cewa waƙa ta ƙare don minti huɗu sun cika. Muddin akwai masu shiga fili, kiɗa na ci gaba. In ya ga rawa ta yi zafi sai ya ƙara sauri. In lasifika ta fara tsagewa don an ƙure ta, sai tsagewar ta zama wani ɓangare na kiɗan.

Duk wannan yana fita a rikodin na fili. Ana jin yadda waƙa ke farawa a hankali, ganga ta riƙa matsa mata lamba har ta koma gudu. Ana jin sautin bai da tsafta irin ta situdiyo, amma yana da nauyin wurin da aka yi shi. Waƙoƙin da masu sauraro suka riga suka sani a kundayen situdiyo sun fito a nan da wata kama daban, wasu sun fi tsawo, wasu sun fi kaushi.

Kashi na ɗaya ya buɗe ne da waƙar Imouhar, mai tsawon kusan minti 13, wadda aka yi da na'urar kiɗa a madadin mai ganga. Bayan shekara biyu, a 2024, waƙar ta sake fitowa a kundin Funeral for Justice da cikakkiyar ƙungiya, a gajarce. Kira ce ga Abzinawa da su riƙe harshensu kada ya salwanta. Wanda ya ajiye su biyun gefe da gefe zai ga yadda waƙa ke girma, abin da aka zubar da abin da aka riƙe. Ba don an adana ta farkon ba, da babu mai wannan damar.

Akwai kuma abin da ba wanda ya hango. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakokin Nijar, alhali ƙungiyar tana rangadi a Amurka. 'Yan Nijar ɗin uku suka maƙale a can na wani lokaci, har sai da aka buɗe asusun neman tallafi don ɗaukar nauyin zamansu. Cikin ɗan lokaci, faifan da aka ɗauka a matsayin ƙarin gishiri ga masoya ya koma shaidar wani zamani: shekarun da Ba'amurke zai iya hawa bas daga Yamai, ya yi tafiyar fiye da kilomita 900 zuwa Agadas, ya kwana yana kiɗa a bikin mutane.

Waɗanda suka riga shi

Mdou Moctar ba shi ne farau ba, kuma labarin magabatansa ya fi nuna yadda abin ke rataye a kan zare ɗaya.

A garin Tawa, tsakiyar ƙasar Adar, akwai wata ƙungiya mai suna Azna de L'Ader, wadda ta faro tun shekarun 1970 a ƙarƙashin wani makaɗin jita da ake kira Mona. Saboda yadda yake sarrafa jita har laƙabi aka yi masa da Hendrix na Sahara. Sun shafe shekaru masu yawa suna wasa a yankinsu, suna haɗa kiɗan rok da kaɗe-kaɗen gargajiyar Adarawa, amma duniya ba ta san da su ba. Sai da Sahel Sounds ya tattaro tsofaffin rikodin ɗinsu ya fitar da kundi mai suna Zabaya, kalmar da mu a nan muka sani da zabiya, sannan na nesa suka ji cewa an yi irin wannan kiɗa a ƙasar Hausa. Tawa kuwa maƙwabciyar Sakkwato ce, ta hanyar Illela da Birnin Ƙonni.

Haka labarin Mamman Sani yake. A 1978 ya naɗi kiɗan da ya yi da wata ogan mai aiki da lantarki a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Kaset kaɗan aka buga. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba tare da da yawansu sun san mai shi ba. A 2013 aka sake buga kaset ɗin, daga nan dattijon ya fara samun gayyata zuwa Turai.

Na Agadas kuwa ya fi taɓa zuciya. Hisham Mayet, na kamfanin Sublime Frequencies da ke Seattle, ya naɗi wasan ƙungiyar Inerane ta Bibi Ahmed, aka fitar da shi a 2007 da sunan Guitars from Agadez. A shekarar ce tawayen Abzinawa ya sake ɓarkewa a arewacin Nijar. Ɗaya daga cikin masu jitar ƙungiyar, Adi Mohamed, ya rasa ransa a rikicin. Abin da aka naɗa shi ne abin da ya rage na hannunsa.

Mayet ɗin ne kuma ya naɗi wasan Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, a 2007, aka fitar a 2009. Kafin faifan ya fito, Bombino ya riga ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Wannan rikodin na fili ne ya ja hankalin masu shirya fim da masu kamfanoni suka bi sawunsa, har daga baya kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy, karon farko ga wani ɗan Nijar.

A duk waɗannan labarai abu ɗaya ke maimaituwa. Wani ya danna maɓallin ɗauka, wani ya ajiye, wani kuma ya zo daga baya ya tambayi sunan mai kiɗan.

Ko a Turai ma 'yan kallo ne suka ceci tarihi

Kada a zaci wannan matsalar talakawan ƙasashe ce kawai. A birnin Kolon na Jamus an kafa wata ƙungiya mai suna Can a 1968, wadda ake lissafawa cikin waɗanda suka fi kowa gwaje-gwaje a kiɗan rok. Idan suka hau dandamali ba sa maimaita abin da ke cikin faifansu. Nan take suke ƙirƙira, kowane dare da abin da zai haifar. Amma duk da kayan aikin da ke Jamus, ƙungiyar ba ta yi sa'ar naɗar wasanninta na fili yadda ya kamata ba.

Wani masoyinsu ɗan Ingila, Andrew Hall, shi ne ya riƙa bin su gari-gari da ƙaramar rikoda a ɓoye cikin tufafinsa, yana kuma tara kaset-kaset daga hannun wasu masoyan. Bayan fiye da shekara 40, Irmin Schmidt, wanda ya rage a raye cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya zauna da injiniyan sauti suka tace tarin. A 2021 aka fitar da wasan da suka yi a Stuttgart a 1975, mai tsawon kusan minti 90, kashi biyar, ko suna babu sai lamba, domin ba waƙoƙi ne da aka tsara ba. Wasu wasannin suka biyo baya, har da na Paris na 1973.

A lokacin da faifan Stuttgart ya fito, mai jitarsu Michael Karoli ya rasu tun 2001, mai ganga Jaki Liebezeit da Holger Czukay kuma sun rasu a 2017. Kaset ɗin da aka naɗa a sace shi ne ya dawo da su cikin ɗaki ɗaya.

To, mu fa a Zamfara?

In ana maganar kiɗan da ba a yin sa sau biyu iri ɗaya, ƙasar Zamfara ba baƙuwa ba ce. Nan ne mahaifar Alhaji Musa Ɗanƙwairo na ƙasar Bakura, wanda ya rasu a 1991, wanda waƙarsa ta 'Yandoton Tsafe har yau ke tashi a wayoyin matasan da ba su taɓa ganin sa ba. Nan ne mahaifar Sa'idu Faru da Kassu Zurmi. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haife shi.

Waɗannan makaɗa ba 'yan situdiyo ba ne. A ƙofar fada suke yi, a hawan salla, a naɗin sarauta, a filin farauta da na noma. Waƙa ɗaya takan fito da siffofi da yawa, domin makaɗi na duba wanda ke zaune a gabansa, ya ƙara ɗa, ya sauya zambo, ya ambaci wanda ya yi kyauta a ranar. Masu sauraron Mamman Shata sun san cewa Bakandamiyarsa ba guda ɗaya ba ce, kowace ɗauka da abin da ke cikinta. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihin makaɗan da matanin waƙoƙinsu, kuma wannan babban aiki ne. Sai dai takarda ba ta ɗaukar muryar kotso, ba ta ɗaukar yadda 'yan amshi ke karɓa.

Abin da ya iso gare mu na sautinsu ya biyo ta hanyoyi kaɗan ne: gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna da Rima Rediyo, kamfanonin faifai na da, da kuma kaset-kaset na masu sha'awa. Daga kaset aka juye zuwa faifan CD, daga nan zuwa kwamfutocin masu tura waƙa a kasuwa, daga nan zuwa waya. A kowane mataki ana rasa wani abu. Sauti na raguwa, a yanke farko ko ƙarshe, kuma mafi muni, bayani na ɓacewa. Sai ka ga fayil ba shi da komai sai sunan makaɗi da lamba. A wane gari aka yi? Wace shekara? Gaban wane sarki? Su wa ke amshi? Babu mai iya faɗa.

Ga kuma halin da ake ciki. Matsalar tsaro ta rage tarukan dare a ƙauyuka da dama, ta raba mutane da gidajensu, kuma wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni. Wanda ya dogara da intanet don jin waƙa ya zauna shiru, wanda ke da ita a memori kuwa yana iya tura wa maƙwabcinsa ta Bluetooth ko Xender. Hanyar da ta fitar da Mdou Moctar daga Sakkwato zuwa Kidal tana nan da ranta a Karakkai da sauran garuruwanmu. Ƙarfinta shi ne ba ta buƙatar kowa. Rauninta kuma shi ne waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, memori na mutuwa ba sallama.

Gaskiya ne mutane sun sha bamban a kan matsayin kiɗa, kuma kowa da malaminsa. Amma ko wanda ba ya sauraro zai yarda cewa a cikin waɗannan waƙoƙi akwai sunayen sarakuna da jerin kakanninsu, sunayen garuruwan da wasunsu yanzu kufai ne, da Hausar Zamfara irin wadda ke ƙaranci a bakin yara. Kuma hatsarin da ke kan kaset ɗin Ɗanƙwairo shi ne ke kan kaset ɗin tafsirin malamin garinku da ya rasu.

Kura da shan bugu

Akwai tambayar da ba za a tsallake ba. Me ya sa kusan duk waɗanda suka fito da waɗannan taskoki na Nijar baƙi ne, daga Portland da Seattle da New York? Kuma idan faifai ya sayu, aljihun wa kuɗin ke shiga?

Tarihin naɗar kiɗan Afirka cike yake da labarin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An sha zuwa a naɗi mutane a tafi, ko sunansu ba a rubuta ba. Abin da ya bambanta wasu daga cikin ayyukan baya-bayan nan shi ne ƙoƙarin neman mai waƙa a yi yarjejeniya da shi. A kundin wayoyin Sahara na 2011, Kirkley ya bi sawun mawaƙan don a raba riba da su. A 2020 kamfanin nasa ya yi wani shiri na shekara guda, inda kowane wata wata ƙungiya ke naɗar kiɗanta da waya, ta aika ta WhatsApp, a sanya a kasuwar intanet, kuɗin da aka samu ya tafi ga makaɗan. A game da Niger EP kuwa, ƙungiyar ce da kanta ta naɗa, ita ta zaɓa, ita ta miƙa wa kamfanin da take aiki da shi.

A Najeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan naɗar wasansa da yaɗa shi. Ma'ana, riƙe kaset ɗin wani makaɗi bai mayar da kai mai waƙar ba. Wanda ya ɗora tsohuwar waƙa a YouTube yana karɓar kuɗin talla, alhali 'ya'yan makaɗin da 'yan amshinsa na raye ba su sani ba, ya adana abu, amma ya bar bashi a wuyansa.

Abin da mai waya zai iya yi

Lokaci ba ya jira. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta kaset da zaren rikoda suna ƙarewa, an daina ƙera kayan gyaransu, masu gyaran ma suna tsufa. Zaren kaset kuma ba ya shiri da zafi da ƙura da laima, abubuwan da muke da su a wadace.

An taɓa yin irin wannan ceto a yankinmu. Tsakanin 2008 da 2013, wani manazarci ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, ya juye tsofaffin zaren gidan rediyon ƙasar Gini zuwa kwamfuta da tallafin Ɗakin Karatu na Birtaniya, aka tsirar da waƙoƙi sama da 9,000. Shirin da ya ba da tallafin na karɓar buƙata daga ƙasashe irin namu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da gidajen rediyon jiha, da fadojin sarakuna, duk suna da tsayuwar da za su nemi irin wannan, su tara abin da ke hannun jama'a a wuri guda.

Kafin nan, akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Wanda ke da tsohon kaset a gida ya raba shi da rana da laima, kada ya yi ta kunna shi a rikodar da ke cin zare. In za a juye, a juye shi cikakke daga farko har ƙarshe, har da surutun da ke tsakanin waƙoƙi, domin sau da yawa a nan ake jin sunan gari da na mai biki. A ɗauki hoton kwalin da duk rubutun da ke jikinsa. A tambayi dattijon da ya saye shi ko ya naɗe shi tun yana da rai.

Wanda kuma ke ɗaukar wasa da waya a yau, ya nemi izinin makaɗi da masu biki. Ya tsaya wuri ɗaya, nesa kaɗan da lasifika don kada sauti ya tsage. Da ya gama, ya sauya wa fayil ɗin suna: makaɗi, gari, rana, da dalilin taron. In zai tura ta WhatsApp ya tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse bidiyo ta rage masa inganci. Ya kuma ajiye a wuri biyu ko uku, kada ya dogara da memori ɗaya.

Waɗanda suka naɗi Mona a Tawa, da wanda ya ɓoye rikoda a Stuttgart, da yaron da ya fara tura waƙar Mdou daga wata waya a Sakkwato, babu wanda ya san inda abin zai kai. Sun dai ajiye. A daren Juma'ar nan ma za a yi biki a wani gari tsakanin Tsafe da Bunguɗu, wani makaɗi zai yi abin da ba zai sake yin irinsa ba, kuma wayoyi ashirin za su ɗauka. Ko guda ɗaya daga ciki ta rubuta sunansa da ranar, an wanke tukunya don tuwon gobe.